Injin tace ruwa da yawon zumuncin Inna

Shekarun baya, mahaifiyata ta yi fama da wani ciwon kwiɓi wanda in ya taso mata ko zama ba ta iya yi. Da jiƙe-jiƙen gida suka gaza, na ɗauke ta daga Batsari zuwa asibiti a Katsina. Aka yi hoto, likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ƙarama, za ta iya fita da kanta. Ya rubuta magani, ya ce babban maganin dai shi ne ta riƙa shan ruwa da yawa, mai tsabta. Ya tambayi irin ruwan da muke sha. Na ce na rijiyar gida ne, yana da ɗan zartsi. Ya ɗan yamutsa fuska, ya ce in da hali a nemi wanda ya fi shi.

Shi ya yamutsa fuska ya manta. Ni kuwa da wannan fuskar na dawo gida. Waɗanda suka san ni sun san halina. Sai in kulle shago, in kai ƙofar masallaci, in dawo in ja kwaɗon in ji ko ya kama. Karatuna a firamare ya tsaya, amma a fannin zullumi ban san wanda ya wuce ni ba. Duk kofin da Inna ta kai baki, sai in ga kamar tsakuwa nake kallo tana haɗiya.

Ina da wani abokina ɗan Safana da ke aiki a gidan da ake yin ruwan leda. Shi ya gaya mini akwai ƙaramin inji irin nasu da ake sa wa a gida. Na sayar da rogon gonata, ya sayo, ya zo ya ɗora tanki a kan bulo, ya haɗa da sola. Ya yi mini bayani cewa injin yana danna ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata naɗaɗɗiya, mai ramukan da ido ba ya gani. Ruwa ya wuce, gishiri da datti su tsaya. Tiyo biyu gare shi. Ɗaya yana kawo mai kyau, ɗis-ɗis kamar mai rowa. Ɗayan yana kwararo da ragowar.

Na ce, "Wannan da ke kwarara fa?"

Ya ce, "Na zubarwa ne."

Na ce a gidana ba za a zubar da ruwa ba, don ban san amsar da zan ba da ranar hisabi ba. Ya ce to a yi wanki da shi, a yi shara. Haka aka yi. Gidanmu bai taɓa shan wanki irin na wannan lokacin ba.

Na cika kofi da ruwan farko, na durƙusa na miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

Ta ce, "Kai yaron nan, ruwa ne wannan ko iska?"

Na ce, "Inna, shi ne ruwa na gaskiya. An cire masa komai."

Ta ce, "Na ji alama. Har ruwan an cire."

Ban yi dariya ba. A ranar na sa aka yi wa rijiya murfin ƙarfe, na sa kwaɗo. Na kife tsohuwar randarta a bayan ɗaki, don na leƙa cikinta na ga abin da hankalina bai kwanta da shi ba. Na ajiye mata jarkar roba sabuwa fil a gefen gado. Kullum in na dawo daga kasuwa sai in ɗaga jarkar in ji nauyinta. Ba ta raguwa sai kaɗan. In na yi magana ta ce ta sha, ƙishi ne ba ta ji.

Ana nan sai wani sabon hali ya zo wa Inna. Tsohuwar da sai an yi da gaske take fita, ta zama ba ta zama. Da hantsi ta ja mayafi, za ta barka. Bayan azahar dubiya. Bayan la'asar za ta gaida wata da jikanta ya yi kaciya. Har gidan maƙwabciyarmu ta shiga, wata tsohuwa da muke kira Gwaggo, wadda suka yi shekaru ba sa magana saboda akuyar Gwaggo ta taɓa cinye wa Inna shanyar kuɓewa. Na yi murna ƙwarai. Na ce ciwo ya tuna mata da lahira, ta kama zumunci. Har labari na riƙa bayarwa a majalisa.

Wata rana da yamma ina dawowa, na tarar da Gwaggo a ƙofar gidanta tana tsince wake. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyali, ta tambayi mai jiki. Sannan ta ce, "Ɗana, in tambaye ka mana. Rijiyarku ƙafewa ta yi?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. Me kika gani?"

Ta ce, "To uwarka dai tana shigowa, kafin ta gama sallama idonta na kan randa. In na kawo mata ruwan baƙo ta shanye kwanon sha tas, ta ce a ƙaro. Tana ajiye kwanon sai ta ce bari ta leƙa gidan liman. Ko zancen akuyar ba mu samu mun yi ba."

Ashe Inna ta lura da abin da ni ban lissafa ba: duk gidan da ka yi sallama a garin nan, kafin a tambaye ka abin da ya kawo ka an miƙo maka ruwa. Na rufe mata rijiya ɗaya, ta buɗe na unguwa gaba ɗaya. Wasu ma sun fi tamu zartsi, wasu kuwa ban san daga inda ake ɗebo su ba. Na tsaya a wurin ina lissafa gidajen da ta shiga, ina jin kwiɓina ni ma ya fara ciwo.

Na sami Inna a tsakar gida. Na zauna nesa kaɗan, na ce, "Inna, ashe ba zumunci kike zuwa ba."

Ba ta ko ji kunya ba. Ta ce, "Ana haɗawa."

Na ce ina tsoron ciwon nan ya dawo, ta ga yadda ta sha wuya a mota. Sai ta sassauta. Ta ce ita ba ta ƙi injina ba. Amma ruwan da ya kwana a roba, ga ɗumi, ba ƙanshin ƙasa, ba ya sauka mata a maƙogwaro. Tun tana yarinya a Wagini daga randa take sha, kuma ba ta ga ranar dainawa ba.

Na kira abokina, na tambaye shi ko zuba tataccen ruwa a randa zai mayar da shi gidan jiya. Ya ce in randar sabuwa ce, ana wanke ta, ana rufewa, ba a tsoma hannu, ba komai. Na sake tambaya ta wata fuskar. Ya ce amsar ba ta canja ba. Da na fara ta uku ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa.

Ranar kasuwa Inna da kanta ta zaɓi randa, tana ƙwanƙwasa kowace tana saurare. Ta wanke ta, ta kife ta a kan garwashi da kajiji har hayaƙin ya kama cikinta, ta girka ta a kan jiƙaƙƙen yashi. Ni kuma na kawo faifai na rufewa da moɗa mai dogon hannu, na cika ta daga injin. Da ruwan ya huce ta ɗiba ta sha, ta ƙara, ta ce, "Yanzu ya yi hankali."

Daga ranar yawo ya ƙare. Da muka koma asibiti aka sake hoto, likita ya ce tsakuwar ta fita. Na tambaye shi ko ya tabbata. Ya juyo mini da hoton, na duba da kyau kamar na san abin da nake dubawa.

Har yau in na tuna, nakan ji kunya da dariya a haɗe. Na zauna na yi lissafin gishiri, na yi na datti, na yi na ruwan zubarwa, ban taɓa tambayar mai shan ruwan yadda take son sa ba. Tsoron da nake ji dominta ne, amma ita ce ta ƙarshe da na saurara. Zullumin dai bai bar ni ba, kullum sai na ɗaga faifan nan na leƙa. Sai dai yanzu in na ga ruwan ya yi ƙasa sosai, daɗi nake ji.