Jirgin Baba da Rigar Baffa

Jiya na bi ta wurin masu gyaran mota a Tasawa, warin danƙon da suke liƙe roba da shi ya daki hancina. Nan take wata tsohuwar ƙullata ta motsa.

Babanmu yana da ɗan farin jirgin ruwa na fiba, wato roba mai zaren gilas, wanda masu furojen kamun kifi suka bari a garinmu. Ya kafa masa sanda da zanen buhu, iska na tura shi. Gonarmu tana hayin tabki, don haka da kaka, kafin ruwa ya janye, da shi muke ɗebo amfani.

Wata rana Baffa, ƙanen Baba, ya are shi. Ya hau kututture da shi, gindin ya tsage. Maimakon ya faɗa, sai ya kira gyartai, aka huhhuda jirgin aka ɗinke shi da waya kamar ƙwarya, aka shafe da farar ƙasa. Ya maido shi yana fara'a.

Washegari Baba ya loda wakenmu, buhu huɗu, duk abin da muka noma. Ina bakin gaɓa na ga jirgin yana nutsewa a hankali. Baba ya fito da iyo, ba hula, mata masu wanki suna ƙunshe dariya. Waken da aka tsamo ya kumbura ya ruɓe.

“Yaya, ai abin Nasara ba shi da ƙwari,” in ji Baffa. Iyakar ta'aziyyarsa ke nan.

Aka jawo jirgin bakin gaɓa. Ni da Baba muka kife shi a inuwar gawo, ya yi kwana uku yana bushewa. Baba ya zare wayar, ya gurje wurin, ya shimfiɗa ƙyallen zaren gilas, ya shafa danƙo, ya sake shimfiɗawa. Garin da ke zuba wajen gurza ya fi ƙaiƙayin gero mugunta, ko wanka ba ya fid da shi. Na tara shi a gwangwanin tumatir sai da ya cika.

Ranar Juma'a na iske babbar rigar Baffa a kan igiya. Na juye mata shi duka, wuya da hammata.

Ka san huɗuba ba a motsi. Baffa yana sahun gaba, ya soma sosa kafaɗa, ya koma ƙeya, daga baya ya tuɓe rigar a gaban liman ya fita da gudu. Wallahi ban taɓa jin daɗin Juma'a irin wannan ba.

Yanzu tabkin ba ya kai kaka, kurar ɗaukar kaya ce ke ɗebo amfani. Baba ya rasu. Bara da Baffa zai tafi Makka, ya tara mu neman gafara. Ya jero laifuffukansa har da na akuyar maƙwabci, bai ambaci jirgi ba. Na jira shi har ya shafa fatiha. Ni ma ban ambaci riga ba.