Tokar Karan Inna

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, aure ya ɗauke ni daga cikin garin Daura ya kai ni wani ƙauye can gefen Babban Mutum. Ni kuwa 'yar birni ce ta gaske, in babu dunƙule da tumatirin gwangwani, to girkina ya tsaya. Ranar da na fara tuƙa tuwo a gidan, maigidana ya kai loma kaɗan ya ce Alhamdulillahi ya ƙoshi. Mutumin da ya wuni a gona fa!

Dangar kara ce ta raba gidanmu da na wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo ya tafi ci-rani Kudu, labarinsa ya ɗauke. Ita ta jiyo ƙaurin miyata ta leƙo ta saman danga ta ce, "'Yar birni, wannan miya kike yi ko turaren korar sauro?"

Daga nan ta zama malamata. Ta koya min yanka kuɓewa da tumatir in shanya tun suna araha, da yadda ɗan gutsuren daddawa ke riƙe tukunya guda. Ta koya min ruwan toka: a zuba toka a ƙwarya mai huji, a kwarara ruwa, abin da ya ɗiga shi ne madadin kanwa a miyar kuka da dahuwar wake. "Amma tokar karan gero," in ji ta, "ta icce ba ta da ƙarfi." Wallahi kafin shekara ta zagayo maigidana har ƙari yake nema.

A garin akwai al'ada: in maƙwabciya ta miƙo miki abinci, kwanonta ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce, ko 'yar kuka, sai kin sa wani abu. Haka muke yi da Inna ta saman danga. In miƙa mata tuwo, ta maido min kwanon da zogale ko barkono.

Sai aka shiga wata shekara mai wuya. Ruwa ya makara, rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Mu kanmu tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da rana kwaɗon tafasa ne da ɗan ƙuli-ƙuli, ko dambun tsaki da rama, ramar ta fi tsakin yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka ina ɗibar wa Inna nata, don na san abin da take ciki ya fi namu. Masu rabon zakka ma sun zo garin, ta ce musu ita tana da ɗa, su ba mabuƙata. Haka take.

Ana tsakiyar marka, ran nan na miƙa mata kwano ta ƙi karɓa.

"Na ƙoshi, 'yar nan."

"Haba Inna, me kika ci?"

"Na ce miki na ƙoshi. Ki ba mijinki, shi ke noma."

Washegari ma haka. Nan na gane: ba ta da abin da za ta sako min a kwanon ne, kuma ta gwammace yunwa da ta maido shi wayam. Hankalina ya tashi, don na san in ba tuwona ba, babu abin da ke shiga cikinta sai ganye.

Sai dabara ta faɗo min, har ina yaba wa kaina wayo. Na leƙa na ce, "Inna, taimako nake nema. Kanwata ta ƙare, tokata kuma ta icce ce, miyar ta ƙi daɗi. Don Allah ki riƙa sako min tokar kara a kwanon, irin taki mai ƙarfin nan."

Ta dube ni ta yi murmushi. "Ke dai har yanzu ba ki iya komai ba. Miƙo."

Kullum tuwo ya tafi, toka ta dawo, fara sol, a tankaɗe, babu ko gawayi. Ni ina murna na samo abin da ba ya cin ko sisi. Toka fa, wa ya rasa toka? Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ba, ina ake samun busasshen kara a tsakiyar damina, bayan kowa ya ƙone nasa tun bazara.

Gero ya fara fitar da kai, muna ta lissafin ranar da za mu gasa tumu, sai wata rana kwanon bai dawo ba. Na kira ta ta danga, shiru. Da maigidana ya dawo daga gona na ce ya bar ni in shiga. Rabona da cikin gidanta tun kafin ruwa ya sauka, komai namu ta saman danga muke yi.

Ina shiga na tsaya cak. Dangar bayan gidanta, wadda ta kare ɗakinta da makewayinta daga hanya, babu ita, sai 'yan turaku a tsaye. Duk mai wucewa yana ganin cikin gidan. Tamu ta tsakani kaɗai ta bari, don kada in gani. Murhunta kuwa ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun, tukunya na kife. A gefe ga wani fasasshen kasko da guntayen kara a ciki, sun yi baƙi rabi, ba su ci ba.

Na same ta kwance a ɗaki, jikinta zafi rau, kwanona a gefen tabarma an wanke shi tas. Tana ganina ta yunƙura za ta tashi.

"Ki yi haƙuri, 'yar birni," ta ce. "Karan ne ya jiƙe, ya ƙi kamawa."

Na durƙusa na fashe da kuka. Na ce Inna ƙarya na yi, kanwata tana nan. Ta dafa kaina ta ce, "Na sani mana. Ai na ga ƙullinta a rataye a madafinki. Bar kukan, tuwonki ya yi daɗi yanzu."

Maigidana ya nemo babur aka kai ta asibiti, aka ba da magani, muka dawo da ita ɗakina. Amma jikin ya riga ya ƙare. Ta rasu ana gab da fara yankan gero. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Da ragowar tokarta na kaɗa miyar sadakar uku, ina kaɗawa hawaye na zuba.

Da kaka ta yi, kara ya cika gari har ana tattake shi a hanya. Ba na iya kallonsa.

Mutane sun ce min ajali ne, kuma na yarda. Na kuma san tuwon nan ya riƙe ta makonni. Amma har yau abin yana min ciwo, domin a zatona na samo abin da ba shi da tsada, ashe suturar gidanta take cirewa tana biyana. Wanda ba shi da komai, ko toka ka roƙe shi, daga jikinsa zai yanko.

Yanzu na koma Daura da zama, yarana sun girma. Suna min dariya wai na cika ƙauyanci, ga kwanuka masu murfi jere a kabad amma ba na aika abinci a cikinsu. Ban taɓa yi musu bayani ba. In zan aika wa maƙwabta, a leda nake ƙullawa, in ce wa ɗan aiken ya ajiye ya juyo, kada ya tsaya jiran komai.