Baƙon Ƙarshe a Bakin Dajin Rugu

Yayana ne ke kai baƙi kallon duwatsun da ke bayan Runka. Ba gwamnati ce ta ba shi aikin ba, mutanen gari ne suka tsara abinsu. Direbobin tashar Batsari su kawo baƙi, 'yan acaɓa su ƙaraso da su ƙofar gidanmu, Inna ta dama musu fura, yayana ya hau da su dutse. Mai son ganin tafkin da ke cikin daji kuwa, sai ya miƙa shi ga amininsa, wani Bafulatani makiyayi da ya san kowane burtali. Ɗalibai sun fi zuwa, sai ma'aikata daga Katsina ranar Asabar.

Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya miƙa baƙo da safe, shi zai karɓo shi kafin rana ta faɗi. Ba a aike.

Yayana akwai tsokana. Yakan dubi ƙafar baƙo ya ce, "Alhaji, wannan takalmin ɗaurin aure ne. Dutsen nan bai san manya ba."

Da satar shanu ta yi yawa, makarantu suka daina turo yara. Da 'yan bindiga suka zauna a dajin, masu aikin suka taru suka yanke cewa dutse kawai za a riƙa hawa. Direbobi da kansu suka koma ba mutane haƙuri tun daga tasha.

Ana cikin haka wani dattijo ya zo, tsohon malamin makaranta da ya sha kawo ɗalibansa. Ya ce so yake ya sake ganin tafkin kafin ƙafa ta ƙi. Yayana ya ƙi. Amininsa ya ce da safen nan ya biyo hanyar, lafiya lau. Dattijon ya yi ta roƙo, har yayana ya miƙa shi.

Aka yi la'asar ba su dawo ba. Yayana ya sa takalmi. Inna ta riƙe masa riga.

"Zauna. Ba kai ka shiga da shi ba."

"Inna, ni na miƙa shi."

"To a gaya wa 'yan sa-kai mana."

"In suka shiga, aminina za su fara harbi."

Na ce zan bi shi. Ya dube ni ya yi dariya. "Kai da ko rumbu sai an riƙe maka tsani? Zauna da Inna."

Washegari da hantsi dattijon ya fito, makiyayin na tallafe da shi, ƙafafunsa sun kumbura. Dattijon ya ce 'yan bindiga sun tsare su a bakin tafki. Yayana ya bi sawu ya iske su, ya ce dattijon baƙonsa ne kuma ba zai iya tafiya ba, su riƙe shi a madadinsa. Suka yarda, suka sako dattijon tare da makiyayin.

Muka yi ta jira har aka yi girbi. Wata mata da aka sako ita ta ce zazzaɓi ya kama yayana a can, kuma a gabanta ya cika. Allah ya jiƙansa.

Aka yi zaman makoki babu jana'iza. Direbobi sun zo, 'yan acaɓa sun zo. Amininsa bai zo ba, don a gari an fara cewa shi ya sayar da su, sai ya kwashe iyalinsa ya tashi. Ni ban yarda da zancen ba, amma ban san inda zan same shi in gaya masa ba.

Limaminmu ya yi wa Inna maganar rabon gado. Ta ce a bari tukuna, ita ba ta ga wanda ya wanke shi ba.