Lanƙwasar Ƙ

Wani ɗan zobe na fara gani yana juyawa a fuskar kwamfutata, ina zaune a tsakar gidanmu na Mandawari. Har ya burge ni, na ce kamar zoben alkawari. Ashe manhajar da nake rubutu da ita ce take sabunta kanta. Zoben ya tsaya cak, aka rubuto cewa sabuntawa ta gaza, manhajar kuma ta ƙi buɗuwa. Littafina na farko yana ciki, na soyayya, saura babi ɗaya jarumina ya dawo daga Agadas ya tarar da mai jiransa.

Na kai kwamfutar wajen ɗan wan babana, mai shagon gyara a bakin kasuwar Kurmi. Ko kallon saƙon bai yi ba.

"Datti ne ya yi mata yawa, marubuciya. Wanke ta za a yi."

"To Yaya, a wanke ta tas."

Na zaci goge-goge ne. Ashe a bakin masu gyara, wankewa share komai ne, kuma bai tambaye ni abin da ke ciki ba. Da na fashe da kuka sai ya ce, "Ba ƙarya kika shirya ba? Ki sake shirya wata mana."

Na koma gida ina huci, na mayar wa kwamfutar sunanta na da, Ƙaunata, na sake ɗora manhajar. Sabuntawa ta zo, ta gaza daidai inda ta gaza a baya. Haushi ya sa na duƙufa bincike a waya, har na gano akwai wani fayil da ake ce wa log, inda kwamfuta take rubuta duk abin da ya same ta. Na bi jaka cikin jaka na buɗe shi. Turanci ne da lambobi, amma a layin ƙarshe na ga ?aunata. Manhajar ba ta san Ƙ mai lanƙwasa ba, shi ya sa ta nemi jakar da ke ɗauke da sunan kwamfutar ta rasa. Na sake sunan da K marar lanƙwasa, nan take sabuntawa ta wuce.

Da Yaya ya buɗe fayil ɗin nan kafin ya yi wankinsa, da littafina yana nan. Na gwada sake rubuta shi, jarumin ya ƙi magana da muryarsa ta da, na bar shi a Agadas.

Yaya ya daɗe da rufe shagon, yanzu kayan yaji yake sayarwa a cikin Kurmi. Duk ranar da na bi ta layinsa sai ya ɗaga murya, "Marubuciya, ina littafin namu?"