Ragon da Baba Datti Ya Ce Kada a Yanka

Don Allah wa a cikinku yake da lambar wayar Yaya Yusuf, babban ɗan Dokta Datti na Mando? Ni Sanda ne, mai ba tumakin Dokta dusa. Ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Safar, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Datti, likitan dabbobi. Yau kwana shida.

Baba, bara na zo Kaduna da tumakin Innata huɗu, ban san kowa ba. Biyu suna ci suna ramewa, suna haki kamar an koro su. Na yi ta dura musu jan kafso. Ka tsaya bakin hanya ka dube su, ka ce, "Yaro, kafso ba ya kashe wannan. Ƙwayar cuta ce a huhu, sai an gwada jini a san ta."

Da ka fito da sirinji da 'yan kwalabe kana ɗibar jini a wuyansu, wallahi na zaci asiri za ka yi. Na riƙe maka hannu. Ka yi dariya har hularka ta faɗi, ka ce, "To boka ya gode, riƙe mini ƙafarta." Ka yafe mini, Baba.

Sakamako ya zo, biyun sun kamu. Ka raba su da sauran, ka zauna kan turmi kana lallashina kamar ɗanka. Daga ranar na zauna a gidanka.

A garkenka akwai wani guntun rago ɗan ƙasa, ƙahonsa ɗaya a karye, da lamba ja a kunne. Na ce me ya sa ba ka sayar da wannan mummunan ba? Ka ce, "Shekara bakwai nake nemansa. Uwarsa ta zauna cikin masu ciwo ba ta kamu ba, kakarsa ma haka. Abin a jininsa yake, 'ya'yansa za su gada." Ban gane duka ba. Na dai gane ka ce kada a yanka shi, ko da layya. Ka ce damina in ta wuce za a kai shi garinmu ya hau tumakin mutane.

Jiya dangi suka shiga garke neman abin sadakar bakwai. Suka bar manyan balami, suka ɗaure guntun ragon a gindin darbejiya, wai shi ne mai ƙaramar daraja. Ba laifinsu ba ne, ba su sani ba. Na buɗe baki, wani kawu ya ce, "Kai kuma ɗan wa?" Sai na ja da baya. Yaya Yusuf kuwa ya koma Doka tun shekaranjiya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Matarka Hajiya Harira, Yaya Yusuf da ƙannensa, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu duka.

Tunkiyar Innata ɗaya ta rage mai ƙiba, zan ba da ita a madadin ragon. Ban taɓa tsayawa gaban Hajiya na yi magana ba, tana takaba kuma. Amma an ce mahauci zai zo bayan la'asar, ga shi an kira sallar. Bari in tafi wajenta.