Baƙin Wuyan Yayata

Shekarun baya, lokacin da na fara haɗa sabulun kurkum a tsakar gidanmu na Suleja, ji nake babu abin da ya gagare ni a harkar fata. Koyon wata uku kacal na yi wajen wata mai gyaran jikin amare, amma in kun ji ina bayani sai ku rantse makarantar likitoci na gama. Kurkum, man kaɗanya, zuma, sabulun salo. In kwaɓa, in zuba a robobi, in liƙa takarda. Tafin hannuna kullum ruwan ɗorawa, har mahaifiyata na cewa ko tuwo na tuƙa da wannan launin zai fito.

Yayata ce ta fara yarda da ni. Shekara tara ta ba ni, ita ta goya ni. Abinci take sayarwa a Gauraka, bakin titi, inda direbobi da makanikai ke cika mata benci tun safe. Mace ce mai jiki, mai dariya, ga zolaya. Ita ta laƙaba min suna Likita, ni kuwa da an faɗa sai kaina ya ƙara girma.

Wata Juma'a ta zo gida in yi mata kitso. Tana cire ɗankwali ta sunkuya, sai na ga bayan wuyanta ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri.

Na ce, "Yaya, ba kya cuɗa wuya ne?"

Ta ɗaka min duka a cinya. "Ke, raina ni za ki yi? Har da soson buhu na dirje shi, ya ƙi fita. Hammata ma haka take."

"Hayaƙin murhu ne da zufa," na faɗa ba tare da ko tunani ba. "Ki ba ni sati huɗu."

Daga nan duk Juma'a sai ta zo. In shimfiɗa tabarma a inuwa, in laɓta mata kurkum da zuma a wuya, in ya bushe in murje. Tana zaune tana ba ni labarin direbobinta, gorar ruwa a gefenta. Kafin mu gama sai ta shanye gora biyu, ta zagaya bayi sau uku.

A Juma'a ta uku maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi. 'Yar kudancin Kaduna ce, ma'aikaciyar jinya, duk layin Anti Nas muke ce mata. Ta gaishe mu, har ta ɗauki turmin, sai ta ajiye ta dawo ta leƙa wuyan.

"Hajiya, kina yawan jin ƙishi?"

Yaya ta ce sosai ma.

"Fitsari fa?"

"Shi ma haka."

Anti Nas ta ce, "Wannan ba datti ba ne, ba kuma sabulu zai fitar da shi ba. Wani lokaci alamar suga ce. Don Allah ki je a gwada jininki. Ɗan huda yatsa ne kawai."

Ni abin da kunnena ya ɗauka shi ne "ba sabulu zai fitar da shi ba". Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Anti, wadda ke tsaye gaban wuta tun asuba ba dole ta sha ruwa ba?" Ba ta ja da ni ba. Ta maimaita wa Yaya maganar gwajin, ta ɗauki turminta ta fita.

Yaya ta juyo ta dube ni, babu dariya a fuskarta. "To Likita, me kika gani? In je ne?"

Na ce, "Ai kin san ma'aikatan asibiti, komai sai sun mai da shi cuta. Bari mu cika sati huɗunmu tukuna."

Sati huɗu ya zama wata takwas. Wuyan ya yi laushi, amma baƙin yana nan daram. Na canza haɗi ya fi sau biyar. Yaya kuma ta fara ramewa, mutane na yi mata barka wai ta rage teɓa. Ni da rashin kunya har cewa nake kurkum ɗina ne ke tace mata jiki.

Rannan garwashi ya faɗo mata a ƙafa tana cikin kwashe tuwo, ba ta ji ba sai da wata mai sayen abinci ta nuna mata. Wannan ma ya isa ya farkar da mai hankali. Ni kuwa sai na kwaɓa kurkum da zuma na ɗaure mata. Bayan sati biyu yatsun sun yi baƙi, ɗakin ya fara wari. Mijinta bai shawarci kowa ba, ya tari Keke mai ƙafa uku ya kai ta asibiti.

Ina tsaye likitan ya duba ƙafar, ya duba sakamakon jini, ya ɗaga mayafinta ya kalli wuyan. Ya tambaya tun yaushe yake haka, babu wanda ya taɓa ce mata ta yi gwaji? Yaya ta ce, "Babu, likita." Ba ta ko kalli inda nake ba.

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Anti Nas ta zo dubiya da kwanon fate. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Amma sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu da jinya, ƙanwata," ta shiga nuna min yadda zan riƙa juya Yaya a gado.

Sai da aka sallame mu na iya buɗe baki. Ina yi mata tsifa, hawaye na ɗiga a kanta, na ce, "Yaya, ni na jawo miki. Ki yafe min."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Ke kika zuba min sugan? Ni ba yarinya ba ce. Kullum ta ƙofar asibiti nake wucewa. Tsoro nake ji, sai na tambayi wadda na san za ta faɗa min abin da nake son ji. Ci gaba da tsifarki."

Shekara huɗu ta ƙara a duniya, da sanda da allura. Rumfar Gauraka ta koma hannun wata. Daga baya ƙodarta ta gaza, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Likitoci ma sun ce ciwon ya daɗe a jikinta kafin in ga wuyan. Amma wata takwas ɗin nan nawa ne, babu wanda zai ɗauke min su. Kurkum bai yi laifin komai ba, aikinsa ya yi, ya gyara abin da ke sama. Ni ce na kasa furta kalma uku: ban sani ba.

Har yau ina sana'ar, da ita nake ci da yarana. Sai dai akwai abin da ba na sayar wa kowa magani a kai. Ko a watan jiya wata mata ta zo daga Chaza, ta zame hijabi ta nuna min wuyanta, ta ce an yaba mata haɗina. Na ce ta je ta gwada suga, in ta dawo da takarda zan ba ta sabulun kyauta. Ta yi tsaki ta ce ita sabulu ta zo saya, ba wa'azi ba. Ta fita tana faɗa, har waje ina jiyo ta.

Na bi ta da kallo har ta sha kwana. Gara ta tafi tana zagina, da ƙafafunta biyu.