Ranar da Tasar Lazhar Ta Nutse Ba Mai Gani

Ke Najwa, riƙe littafin nan a hankali, zare ɗaya ne ya rage a bangonsa. Na kakanki ne. Kin ga mutumin nan a kan doki, mai faffaɗar malafa? Saura kaɗan ya raba gidanmu da mutunci a garin nan. Zauna mana, tsayuwarki na sa ni jiri.

Kakanki Lazhar mai tasa ne, kamar ubansa, kamar kakansa. Ku kun taso kun tarar da famfo da agogo. A lokacinmu idon ruwa ɗaya ne, gonakin dabino kuwa sun fi ɗari, dole a raba. Daidai inda hanyar ruwan ta rabu akwai rumfar ganyen dabino. Nan yake zama daga asuba zuwa magariba, kwatarniya cike da ruwa a gabansa, da wata tasar jan ƙarfe mai 'yar huda a gindi. Ya ɗora ta kan ruwa, ta yi ta sha, ta yi ta sha, har ta nutse. Ya yi ƙulli ɗaya a ganyen dabino, ya tsamo ta, ya sake ɗorawa. Wani rabonsa tasa takwas, wani talatin. In naka ya cika, sai ya zare katako ya juya ruwan ga na gaba. Aikin ba nauyi, amma ba kowa ake ba shi ba, don duk garin da idonsa suke gani.

Sai dai zaman akwai gundura. Ubansa carbi ya ja a wurin shekara arba'in. Shi kuwa ya yi allo, ya ɗan taɓa makarantar Faransawa kafin a cire shi, idonsa na son baƙaƙe. Takardar da aka ƙunso sukari ma sai ya karanta ta kafin ya bari in hura wuta da ita.

Bayan Faransawa sun tafi da 'yan shekaru, ɗan Si Balgasim, mai babbar gonar gabas, ya fara jan motar dabino zuwa birnin Safakis. Shi ya riƙa kawo wa kakanki littattafan nan, tsofaffi, daga masu kasa su a bakin kasuwa. An juya su da Larabci. Labari ɗaya ne dogo, littafi tara, na mutanen Amurka na da, masu kiwon shanu a kan doki.

Kakanki bai iya karatu a zuci ba. Yadda aka koya masa a allo haka yake yi, da ƙarfi, yana rangaji. Masu jiran ruwa suka fara matsowa. Kafin wata biyu rumfar ta cika da maza, ana dafa shayi. Mu mata muka mai da saƙar kwandunanmu bayan zanan rumfar, wai inuwar can ta fi sanyi. Ƙarya muke, rana ce ke dukan ƙeyarmu.

Sunayen mutanen littafin ba mai iya faɗa, sai muka raɗa musu namu. Namijin Mai Malafa. Macen, wata bazawara mai gona da shanu, Jan Gashi. Kuma kada ki ɗauka shiru muke yi muna saurare. Tsiya muke musu daga fari har ƙarshe.

Kakanki zai karanta cewa Mai Malafa ya yi kwana uku yana sukuwa a hamada. Sai tsoho Ammar, wanda ya yi rabin ransa a bayan raƙuma, ya ce, "Tsaya, Si Lazhar. Dokin ya sha ruwa?"

"Ba a faɗa ba."

"Koma baya ka duba."

"Na duba, Ammar. Bai sha ba."

"To wannan ba doki ba ne, aljani ne. Ci gaba."

Jan Gashi kuwa kullum gashinta a sake, iska na kaɗa shi, yana walƙiya. Maƙwabciyata Rebah ta ce, "A iskar hamada? Wallahi ta zo nan ta yi yini ɗaya, sai mun taru mu huɗu mu tsefe mata yashi." Ga suma. An yi harbi ta suma, an kawo wasiƙa ta suma, ta ga maciji ta suma, kuma kullum Mai Malafa na daidai wurin da zai tare ta. Rebah ta ce ita ta haihu bakwai ba ta suma ba, don ta san ba mai tare ta sai ƙasa.

Abin da ya fi ba mu haushi, littafi huɗu aka gama mutumin nan yana kallon matar, yana taɓa bakin malafarsa, bai aika kowa neman aurenta ba. Si Balgasim ya ce, "Ba shi da kawu ne? Ba shi da ko maƙwabci mai gemu? A ba ni adireshinsu, ni zan je."

In kuma aka zo wurin da su biyun suka keɓe, kakanki sai ya yi tari, ya lashi yatsa, ya juya shafi biyu, ya ce, "Nan sai suka gaisa."

Rebah ta ɗaga murya daga bayan zana, "Si Lazhar, gaisuwar har shafi biyu? Dangin nasu na da yawa ke nan!"

Maza su fashe da dariya, shi kuwa kunnensa ya yi ja, ya ce da ni, "Shadliya, ki ja wa ƙawarki kunne." Ni kuwa dariya ta hana ni magana.

Duk wannan, idonsa ɗaya na kan tasa. Ya karanta layi biyu ya leƙa. Shekara guda da rabi ba a taɓa samun kuskure ba. Har aka zo littafi na biyar.

Tsakiyar zafi ne, lokacin da rabon kowa ke zagayowa sai bayan kwana goma sha biyu. Ran nan bayan azahar ruwa na gonar Si Balgasim, saura tasa biyu a juya wa Hafsiya. Hafsiya mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da 'yar gona can ƙarshen gari. Tasa takwas ne rabonta, daga ita sai la'asar, ruwa ya koma unguwar yamma. Ba ta zuwa rumfa, ba ta da lokacin. Tana can da fartanya tana jira.

A cikin littafin kuma, wani mugun mai shanu ya sa yaransa suka datse rafin da ke bi ta gonar Jan Gashi. Suka zuba duwatsu, suka tsaya da bindigogi. Kin san tunda aka fara labarin nan, ranar ce kaɗai ba wanda ya yi dariya. An kashe mutum ya fi hamsin a littattafan, muna ta tsokana. Amma datse ruwa? Ammar ya miƙe tsaye. Si Balgasim ya riƙa dukan cinyarsa yana cewa, "La'ananne! Ruwan bazawara! Allah ya ƙona gemunsa!" Mu mata muka aje saƙa muka manna kunne a zana. Shayi ya ƙone a kan gawayi. Kowa na cewa, "Karanta, Si Lazhar, karanta!" Shi ma muryarsa ta canja, yana gudu kamar ana bin sa.

Kiran la'asar ne ya farkar da mu. Kakanki ya dubi kwatarniya. Tasa na can gindi a kwance, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ganyen dabino na kan gwiwarsa ba sabon ƙulli. Ruwa kuwa na ta kwarara gonar Si Balgasim, har ya tsallake kunya.

Sai ga Hafsiya tafe, fartanya a kafaɗa, ƙafafunta fari fat da ƙura, ko laima babu. Ta tsaya ta dubi katakon, ta dubi littafin a hannunsa.

"Si Lazhar, ina ruwana?"

Ya ce, "Na cinye miki shi, Hafsiya. Ni ne, ba kowa ba."

Mutanen yamma sun riga sun iso, rabonsu ba ya jira. Ta juya ta tafi.

Rabonmu na zuwa bayan kwana huɗu, muka juya mata shi duka. Amma barkononta ya riga ya kwanta, da 'yan dabino biyu da ta dasa da sunan 'yarta. Namu lallen ma ya bushe, wannan ban damu ba. Abin da ya dame ni maganar da ta tashi. Wa ke kawo littattafan? Ɗan Balgasim. Gonar wa ta sha ruwan? Ta Balgasim. Kafin kwana biyu a bakin rijiya ana cewa an sayi mai tasa da takarda. Na je gidan gurasa. Wata ta ce da ni, "Gidan da aka ba amana kaka da kakanni."

Kakanki ya daina cin abinci. Na yi masa kuskus da kabewa yadda yake so, ya tura gefe. Ya ce, "Shadliya, in sun karɓi tasar, sun yi daidai. Amma su karɓa a kan na yi sakaci, kada su karɓa a kan na yi sata. Da wane ido zan je kabarin babana?" Ya ɗaure littattafan da igiya zai kai murhu. Na ce, "Ka ƙona su, sai a ce ka ƙona shaida. Aje."

Ran Juma'a bayan salla dattawa suka zauna a rumfar. Mu muna bayan zana, ba kwando ko ɗaya a hannunmu. A garinmu in aka ci ruwan mutum, shi ake fara tambaya abin da yake so. Aka kira Hafsiya. Ƙanen mijinta ya riga ta, yana ihu a karɓe tasa a ba wani gida. Ta ce, "Ruwanka aka ci ko nawa? Zauna."

Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "A karɓa a ba wa? Kai Ammar kana wurin. Kai ma kana wurin. Liman, an ce min kai ma ka makara kiran salla. Ku ashirin baki buɗe, tasa na gabanku, ba wanda ya ji ta nutse. Si Balgasim kuma, in da sayen ruwana ya yi, da ba zai zauna yana tsine wa ɓarawon ruwa har muryarsa ta dishe ba. Bai kai wayon nan ba."

Si Balgasim ya ce, "Na gode, 'yar'uwa. Ina jin yabo ne."

"Ba yabo ba ne. Tasa takwas za ka mayar min, sau biyu."

"Na ji."

"Si Lazhar ba ɓarawo ba ne. Ido biyu gare shi, duka biyun takarda ta ɗauke. To a ƙara masa ido."

Liman ya ce, "Idon wa?"

"Na matarsa. Shadliya ba ta san alif ba, takarda ba ta da abin da za ta yi da ita. Shi ya karanta, ita ta yi ƙulli."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Rebah ta mintsine ni. Maza suka hau gunaguni, wai mace a bakin tasa, ba a taɓa ba. Liman ya shafa gemu, sannan ya ce tasa tana nan a hannun Lazhar, kuma shi bai san littafin da ya hana mace zama kusa da mijinta ba. Wani ya ce ai gara a hana karatun baki ɗaya. Ba wanda ya goyi bayansa, don duk cikinsu ba wanda ya san ko an buɗe wa Jan Gashi rafinta.

Hafsiya ta ce, "Saura ɗaya. A sake karanta min wurin nan tun daga farko. Barkonona ya mutu a kansa, ina so in ji ko ya isa."

Washegari da hantsi na zagayo zana na zauna gaban kwatarniya. Hafsiya ma ta zo ta zauna kusa da ni. Kakanki ya kwance igiya, ya buɗe na biyar, muryarsa ƙasa-ƙasa. Aka zo daidai inda Mai Malafa ya kai hannu ga bindiga, tasa ta yi ƙulum ta nutse. Na ce, "Tsaya." Ya tsaya. Ammar ya ce, "Haba Shadliya, bar shi ya harba mana!" Na ce, "Ya jira, ba inda za shi." Na yi ƙulli, na tsamo, na ɗora, sannan na ce a ci gaba.

Hafsiya ta saurara har inda Jan Gashi ta zauna bakin busasshen rafi tana kuka shafi uku. Ta ce, "Kuka? Ita ba ta da fartanya ne? Duwatsu ne fa kawai." Ranar kakanki ya fara dariya tun bayan abin.

Ƙanen mijin Hafsiya ya yi shekara biyu bai gaishe mu ba, daga baya ya gaji. Ni kuwa shekara goma sha bakwai na yi a bakin kwatarniyar nan, shi yana karatu a gefena, har gwamnati ta kawo famfo. A duk shekarun nan ba wanda ya sake zuwa rumfa ya tambayi kakanki ina ruwansa.